NOMAN RANI A ADAR: SHU MAI FURE LAUNIN SHUNAYYA

Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga talakawa su duƙufa ga noman rani, lambu ya zama rumbu na biyu a jihar Tawa. Daga kwarin Tadis zuwa Keita da bakin tabkin Tabalak, manoma sun saba da albasa, tumatir, salati da shu. Shu yana da ɗan'uwa wanda ake cin furensa maimakon ganyensa, shi ne shu mai fure. Galibinsa fari ne, amma akwai mai launin shunayya, wanda manoman tsibirin Sisili na ƙasar Italiya suka daɗe suna nomawa.

Wannan launi ba rini ba ne. Sinadarin da ke kawo shi, shi ne dai ke cikin zoɓo da albasar Galmi. Don haka babu abin tsoro a cinsa.

Babban abin lura shi ne lokaci. Wannan shuka ta fi son sanyi na digiri 15 zuwa 20, zafi kuwa yana hana ta ƙulla kai. Sanyin Adar gajere ne: daga Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka ya kamata a zuba iri a watan Oktoba. Bayan mako 4 ko 5, idan dashe ya yi ganye 4 ko 5, sai a dasa shi da marece, a bar santimita 60 tsakanin gindi da gindi. Ana yanka kan bayan wata biyu da rabi zuwa uku. Manomin da ya makara har zafin Maris ya riske shi, ya yi asarar iri, da taki, da wahalar jan ruwa.

Shukar tana bukatar ruɓaɓɓen taki da ban ruwa kullum, domin ƙishin ƴan kwanaki yakan sa kan ya tsumbure. Tsutsar da ke cin shu ba ta ƙyale ta. Feshin ruwan ƴaƴan dogon yaro yana rage ɓarnarta. Farin iri akan rufe kansa da ganye don kada rana ta ɓata shi. Mai shunayya kuwa ba a rufe shi, hasken rana ne ke ƙara masa launi.

Wajen girki, uwargida ta fara jiƙa shi cikin ruwan gishiri don tsutsa ta fito. Doguwar tafasa tana wanke launin, ta rage amfaninsa ga jiki. Ya fi kyau a turara shi a madambaci minti 5 zuwa 7. Kada a sa kanwa, domin tana mai da shi shuɗi ko kore. Ɗan ruwan lemun tsami kuwa yana fito da jansa. Ana haɗa shi da dambu, ko a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli.

Mai son gwadawa ya fara da fangali ɗaya ko biyu, ya nemi shawarar malamin gona, ya kuma tabbatar da mai saye tun kafin yanka, domin kan ba ya jure ajiya kamar albasa. Ya tanadi iri tun damina ba ta ƙare ba. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.