Yadda lalatacciyar waya ke sa mita ta yaudari masu rediyon sha'awa

Masu rediyon sha'awa mutane ne da ke karɓar lasisi su kafa ƙaramar tasha a gida, suna zantawa da takwarorinsu na wasu ƙasashe. A wurinsu, babu abin da ke tayar da hankali kamar a danna maɓallin magana, na'urar da aka saya a matsayin mai wat 100 ta nuna wat 40 a mita.

Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne na'urar ta ƙone. Amma sau da yawa lafiyarta ƙalau, matsalar tana jikin wayar da ta haɗa ta da eriya.

Wannan waya ita ake kira kowaks, kuma duk mai dish a gida ya san irinta: silin jan ƙarfe a tsakiya, roba ta lulluɓe shi, saƙar ƙarfe ta kewaye robar, sannan riga a waje. Masanin Ingila Oliver Heaviside ne ya yi rajistar fasaharta a 1880. Ta talabijin tana da om 75, yayin da na'urorin aika saƙo ke buƙatar mai om 50, irin su RG-58 da RG-213.

Idan mita ta nuna ƙarfi ya ragu

Mitar tana auna abu biyu ne: ƙarfin da ke tafiya zuwa eriya, da wanda ke dawowa. Daga nan take fitar da ma'aunin da ake kira SWR. Idan ya nuna 1:1, babu abin da ke dawowa.

Da zarar dalmar da ke kan wayar ta saki, ko ƙofa ta matse wayar, ko silin tsakiya ya taɓa saƙar, sai wani kaso na ƙarfin ya juyo baya. Yawancin na'urorin zamani na rage ƙarfinsu da kansu idan SWR ya haura wajen 2:1, don kare kayan cikinsu. Ta haka mai wat 100 ke komawa 40. Wanda bai gane ba sai ya kwashi na'ura zuwa wurin mai gyara, ya yi asarar kuɗi, ya dawo ya tarar da matsalar tana nan.

Kyan ɗan maciji

Yaudarar da ta fi haɗari ita ce wadda ke zuwa da lamba mai kyau. Kan waya samfurin PL-259, wanda aka fi amfani da shi, ba ya hana ruwa shiga. Rana kuma na fasa rigar wayar. Idan ruwan sama ya shiga, saƙar ta yi baƙi ko kore, sai wayar ta riƙa mayar da ƙarfin zuwa zafi.

A ɗauka wayar na cinye kashi uku cikin huɗu na abin da ya bi ta cikinta. Daga wat 100, wat 25 ne zai kai ƙarshenta. Ko da iska ta tsinke eriyar baki ɗaya, wat 25 ɗin ya juyo, wayar za ta sake cinye kashi uku cikin huɗu, wat shida da ɗoriya kawai ya iso mita. Mitar za ta nuna wat 100 na fita, SWR kuma kusan 1.7:1, lambar da mutane da dama ke ɗauka babu laifi, alhali babu eriya.

Ke nan idan SWR na ƙara kyau shekara bayan shekara ba tare da an taɓa komai ba, abin dubawa ne. Illar kuma ta wuce rasa abokin hira, domin masu wannan rediyo kan isar da saƙonni idan bala'i ya katse layukan sadarwa, kamar yadda suka yi a Fotoriko bayan guguwar Maria a 2017.

Gano bakin zaren

Mita na faɗin abin da ke faruwa ne a daidai inda aka sa ta, don haka sai an auna a wuri biyu. Ana amfani da eriyar bogi, wani kayan gwaji mai om 50 da ke shanye ƙarfin ba tare da watsa shi ba.

Da farko a haɗa ta da na'urar ta hanyar gajeriyar waya mai kyau. Idan wat 100 ya fito, na'urar ta kuɓuta daga zargi. Sai a kai mitar da eriyar bogin ƙarshen doguwar wayar a sake aunawa. Bambancin shi ne abin da wayar ta cinye.

A kwatanta shi da abin da kamfani ya rubuta, domin ko sabuwar RG-58 mai tsawon mita 30 na cinye fiye da rabin ƙarfin a zangon megahaz 144. Idan asarar ta zarce haka, a yanke kan wayar a duba saƙar. Matuƙar ta sauya launi har ciki, sai dai a sayi sabuwa, a kuma naɗe mahaɗarta da tef mai hana ruwa kafin damina.