Namiji Ne Ko Mace? Abin Da Laulayi Ba Ya Faɗa

'Yan'uwa manoma, mukan ji ana cewa in laulayi ya yi wa mai ciki tsanani, 'ya mace za ta haifa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta kai abin dogara ba.

Da zarar ciki ya shiga, mabiyiya takan zuba wani sinadari cikin jinin uwa, likitoci suna kiransa hCG. Shi ake nema a fitsari in ana gwajin ciki. Yakan kai iyakar yawansa wajen mako na 10, daidai lokacin da amai ya fi damun mata. An auna an ga masu ɗauke da 'ya mace sukan ɗan fi yawansa. A 1999 kuma likitoci a Suwidin suka duba matan da amai ya kwantar a asibiti, suka tarar 'ya'ya mata sun ɗan fi maza yawa cikin abin da suka haifa. Amma bambancin kaɗan ne, da yawa cikinsu maza suka haifa. Saboda haka in matarka tana amai har ruwa ba ya zama, kada a tsaya duba, a kai ta asibiti.

Sinadarin ba shi ke sa ɗa ya zama namiji ko mace ba. Wannan ya riga ya tabbata tun ranar da ciki ya shiga, kuma daga iri na uba yake fitowa. Mai gorin matarsa don ta jera 'ya'ya mata, sai ya sake tunani. Wajen mako na 8 ne jikin ɗa namiji yakan fara yin nasa sinadarin, wanda ke gina masa gaɓoɓin maza.

Masu shanu sun san aikin wannan tun da daɗewa. In saniya ta haifi tagwaye, mace da namiji, kusan 9 cikin 10 na irin waɗannan matan juya ne. Wani masani a Amurka, Frank Lillie, ya bayyana dalilin a 1916: jijiyoyin jinin tagwayen sukan haɗu a ciki, sinadarin namijin ya ratsa ya hana mahaifar macen girma. Tagwayen mutane ba haka suke ba, kada kowa ya tsorata. In ƙungiyarku za ta sayi karsana da kuɗin gudummawa, ku tambaya ko da ɗan maraƙi aka haife ta. In haka ne, ta kiwon nama ce, kada ku jira ta shekara uku kuna sa ran nono.