Ko Kun Sani?

Kafintan da ya san aikinsa ba ya manne allon tsakiyar ƙofar kabad ɗin kicin da gam! Zura shi yake yi cikin ramin da ya sassaƙa a jikin katakai huɗun da ke kewaye da shi, ya bar masa ɗan sarari. Dalili kuwa, katako yakan kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma a faɗinsa yake motsawa. A Zariya, daga Ƙofar Jatau har Tudun Wada, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ya haura 70 a Agusta. Ko maɗaci ne, in aka manne allon yana iya tsagewa.