Musayar Gado Tsakanin Ƙwayoyin Cuta: Abin da Ya Sami Rogo a Yuganda

Ƙwayoyin bairos masu kama tsirrai suna iya musayar sassan gadonsu. Hakan na faruwa ne idan iri biyu suka haɗu cikin tsiro ɗaya. Kowanne yakan tilasta wa tsiron ya riƙa kwafar zaren gadonsa, wato DNA ko RNA. Ana cikin kwafin, wani lokaci sai aikin ya tsallake daga zaren wannan ya ƙarasa a kan na wancan. Abin da ke fitowa barbarar yanyawa ce, sashe daga nan, sashe daga can. Yawancinsu raunana ne, ba sa zuwa ko'ina. Amma jifa-jifa akan sami wanda ya fi iyayensa saurin hayayyafa, ko ya iya kama shukar da a da ta fi ƙarfinsu.

Cutar dabbare-dabbaren ganyen rogo, wadda bairos ke haddasawa, tsohuwa ce, tun 1894 aka bayyana ta a ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu. Farin ƙuda ke yaɗa ta, haka ma karan rogon da aka saro daga gona mai cuta aka dasa. Manoma sun daɗe suna zaune da ita, tana rage amfani amma ana samun na ci. A 1988 lamarin ya sauya a yankin Luwero na Yuganda. Ganye ya riƙa ƙanƙancewa yana murɗewa, itacen ya tsumbure, a tona ƙasa a tarar babu abin kirki. Annobar ta riƙa gangarawa kudu da kimanin kilomita 20 zuwa 30 a shekara, daga baya ta shiga Kenya da Tanzaniya da sauran maƙwabta. Manoma da yawa suka haƙura da noman rogo gaba ɗaya.

A 1997 masana suka gano cewa bairos ɗin da ke tafe da annobar haɗin gambiza ne. Gangar jikinsa ta bairos ɗin rogo na Gabashin Afirka ce, amma wani yanki na gadon da ke ƙera rigar da ke lulluɓe shi ya fito ne daga bairos ɗin rogo na Afirka, wanda aka saba da shi a faɗin nahiyar.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa musayar gado laifin duka. An sami wasu nau'o'in wannan sabon bairos masu sauƙin alamu. Inda cutar ta fi muni shi ne inda ya tarar da tsohon bairos ɗin rogo na Afirka a cikin tsiro guda, domin suna taimakon juna wajen karya garkuwar rogon, yawansu ya ƙaru. Ga kuma farin ƙuda da ya yi yawa fiye da kima a lokacin, ga irin rogon da aka fi nomawa ba ya jure cutar.

Abin da ya kawo sauƙi shi ne raba wa manoma irin rogo mai jure cuta, ciki har da wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma iri biyu na bairos ɗin na haɗuwa a gonakinta. Don haka wajibi ne manomi ya saro karan dashe daga rogo mai lafiyayyen ganye, ya kuma tuge duk wanda ya nuna alamar cuta tun yana ƙarami.