Fom ɗin Kamfani a Ranar da Harshen Manhaja ya Sauya

Kamfanin da ya sayi manhajar lissafi da kula da kaya ba ya daɗewa yake fara neman a taɓa masa fom. Mai sayar da siminti yana son gurbin lambar motar da ta ɗauki kaya. Mai magunguna yana son fom ɗin ciniki ya ƙi rufuwa idan wa'adin maganin ya wuce. A kwashe shekara goma ana wannan ƙare-ƙare, har ma'aikata su kasa bambance gurbin asali da wanda aka sa daga baya. Ba a gane nauyin abin sai ranar da masu manhajar suka sauya harshen da ake rubuta ta da shi.

Masu amfani da Navision sun ga irin wannan babban sauyi har sau biyu. Manhaja ce da aka ƙirƙira a Denmak, Microsoft ta saye ta a 2002, daga baya aka sa mata suna Dynamics NAV. Da harshen C/AL ake rubuta ta, kuma farin jininta ya zo ne daga sakin hannun da ta yi wa masu gyara: mutum zai buɗe fom na asali, ya matsar da maɓalli, ya cusa nasa umarni a tsakiyar na masu manhajar. Sauyin farko ya zo ne a sigar 2009, da aka kawo sabon tsarin shafuka. A nan mai gyara zai jera gurabe ne rukuni-rukuni, manhajar da kanta ta zaɓi inda kowanne zai zauna a allo. Da sigar 2013 ta fito, tsohon fom ya tafi gaba ɗaya.

Na biyun ya fi zafi. A 2018 aka fito da Business Central a madadin NAV, aka kuma tura masu gyara zuwa harshen AL, sannan a watan Oktoba na 2019 aka cire C/AL daga sababbin sigogi. Harsunan biyu sun yi kama sosai, har akwai wata 'yar manhaja mai suna Txt2AL da ke juya tsohon rubutu zuwa sabo. Wahalar tana cikin ƙa'idar da ta zo da sabon harshen. A sigar da ke aiki ta intanet, babu mai taɓa fom na asali. Da, kamar ɗan haya ne da aka bari ya fasa bango ya buɗe ƙofa. Yanzu rumfa kawai zai kafa a jikin bangon. Mai gyara yana rubuta nasa ƙarin daban, ya ce a sa gurbi kaza bayan gurbi kaza, ya kuma jira manhajar ta yi sanarwa, misali cewa za ta shigar da rasit cikin littafi, sannan umarninsa ya yi aiki. Idan babu sanarwa a daidai wurin da yake buƙata, sai ya roƙi Microsoft ta ƙara, ko ya sake dabara.

A ganina sabuwar ƙa'idar ta fi. Kamfanoni da yawa sun maƙale a tsofaffin sigogi saboda kowane sabuntawa yana nufin a zauna a haɗa gyare-gyarensu da sabon rubutu layi-layi, da kuɗi mai yawa. Yanzu ana sabunta manhajar da manyan sauye-sauye sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, ƙarin yana nan a gefe.

Amma akwai abin da ke damuna, kuma ba aikin mai rubuta manhaja ba ne shi kaɗai. Bayan kowane gurbi akwai wata shawara da aka yanke a kamfanin, sau da yawa ba a rubuta ta ko'ina ba. Wanda ya sa dokar hana wani kwastoma bashin da ya wuce kima wataƙila ya bar aiki tuntuni, dokar na nan a ɓoye bayan maɓalli. Txt2AL ba ta san dalilinta ba, sabon mai gyara ma haka. Akawu da mai kula da sito su ne suka sani, domin su take tarewa kullum. Ya kamata a zaunar da su gaban tsohon fom kafin a rubuta layi ɗaya, a bi gurbi-gurbi: wa ke cika wannan, me ke faruwa idan aka bar shi fanko? Nan ne za a gano waɗanda aka daina amfani da su, a sauke su, kada a biya kuɗin ƙaura da su. Waɗanda suka rage kuma a rubuta dalilinsu, a ba waɗannan ma'aikatan su gwada sabon fom da rasitan watan jiya kafin a kashe tsohon.