DAGA KWARIN MAJIYA ZUWA DUWATSUN KEITA: YADDA KYAUTA TA HAIFI SABBIN DUBARU

Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma alheri iri biyu ne. Akwai wanda ake ci a yini ɗaya ya ƙare, akwai kuma wanda yake buɗe wa mutane hanyar da ba su sani ba a da, su ci gaba da amfani da ita bayan mai bayarwa ya koma gida. Gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jihar Tawa, sun ga irin na biyun da idonsu, har labarinsu ya kai ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Adar ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, talaka ba ya iya gwaji. Manomin da yake da gona ɗaya da iyali goma ba zai ɗauki damanarsa ya saka cikin abin da bai taɓa gani ba, domin in dubarar ta ƙi, rumbunsa ne zai zama wayam. Ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba kuɗi inda babu riba kusa. Kuɗin taimako su ne suke iya ɗaukar wannan kasada: in an yi hasara, mai bayarwa ya ɗauka, in an dace, jama'a su gaji dubarar.

Shingen itatuwa na Majiya

Bayan babban farin 1973, iskar hunturu ta addabi manoman kwarin Majiya. Kwari ne mai ƙasa mai albarka, ruwa kuma ba ya da nisa a ƙarƙashinta, amma an sare itatuwa, iska tana kwashe ƙasar sama, a farkon damana kuma rairayi yana binne shuka, sai an sake shuka sau biyu ko sau uku. Ma'aikacin gandun daji na Buza, Malam Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps ta Amurka, suka kai shawara ga ƙungiyar agaji ta CARE, wadda ta yarda ta biya kuɗin gwaji. A 1975 aka fara dashe.

Dubarar ba ta da wuyar ganewa. Ana dasa dogon yaro layi biyu a jere, a gicciye da hanyar iska, a bar tazarar mita 100, a sake dasa wani layi biyun, gonaki suna tsakani. Mutanen garuruwa suka haƙa ramuka suka dasa, aka ɗauki masu gadi domin hana dabbobi cin ƴan itatuwan har su yi ƙarfi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya wuce kilomita 300.

Da masana suka auna, sun tarar hatsin gonakin da ke bayan shinge ya fi na fili yawa, daga wajen kashi 15 cikin 100 har sama da kashi 20, duk da wurin da itatuwan suka cinye. Dalili shi ne iska ta rage ƙarfi, ƙasa tana daɗewa da laima, shuka kuma ba ta karyewa. Da itatuwan suka girma aka riƙa sassabe rassansu, ana samun itacen girki da na gini. Ba a rasa matsala ba: wanda layi ya ratsa gonarsa ya ga inuwa ta rage masa amfani kusa da gindin itatuwa, makiyaya sun ga an tsare musu wurin kiwo, an kuma daɗe ana shawara kan wanda yake da itacen, mai gona ne, ko gari, ko hukuma. Duk da haka Majiya ta zama misalin da ake koyarwa a makarantun aikin gandun daji na ƙasashe da yawa.

Keita: inda aka noma dutse

A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar kuma wani farin ya sake faɗa wa ƙasa. Cikin wannan hali ne aka soma porjen Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, da jagorancin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ita kuwa hukumar PAM tana ba da abinci ladan aiki. Wannan taimakon gwamnati ne ga gwamnati, ba sadakar mutum ɗaya ba, amma kyauta ce, ba rance ba.

Ƙasar Keita tudu ce da duwatsu da fako. Ruwan sama yana sauka da ƙarfi, ya gangara da gudu, ya yanka korama, ya tafi da ƙasa, bai jiƙa komi ba. Masu aikin suka ɗauki ƙasar gaba ɗaya, tun daga saman tudu har ƙasan kwari, da niyyar tsai da kowane ɗigon ruwa inda ya faɗi. A kan tudu aka yi kunyoyi masu tsawo da aka ƙarfafa da duwatsu. A jikin gangare aka haƙa ramuka dogaye, aka dasa itace cikin kowanne. A cikin koramu aka gina madatsai na duwatsu ɗaure cikin ragar waya, domin ruwa ya lafa ya bazu cikin fadama, ya shiga ƙasa, rijiyoyi su samu. Aka kuma kafe tuddan rairayi masu tafiya.

Daga 1984 zuwa 2003 an farfaɗo da fili fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, ban da hanyoyi da rijiyoyi da makarantu. Daga baya aikin ya shiga yankin Buza da na Abalak. Abin da bai kamata a manta ba shi ne, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin maza sun tafi biɗa Nijeriya da sauran ƙasashen gaɓar teku.

Madawa da Buza: riga-kafin zazzaɓi

Ba a noma kaɗai aka ga wannan ba. Kowace uwa a Adar ta san watannin da ruwa yake zuba su ne watannin zazzaɓin cizon sauro, su ne kuma watannin da rumbu yake ƙarewa, tamowa ta kama yara. A 2012 hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ba ƙasashen Sahel shawara su riƙa ba yara masu wata 3 zuwa wata 59 magani sau ɗaya kowane wata cikin damana, tun ba su kamu ba. Binciken da aka yi ya nuna hakan yana kawar da wajen kashi uku cikin huɗu na kamuwa da ciwon.

Shawara a takarda daban, kai magani ƙauye daban. A 2013 ƙungiyar likitocin Médecins Sans Frontières, wadda mafi yawan kuɗinta kyautar mutane ne ɗaiɗaiku, ta haɗa hannu da ma'aikatar lafiya aka gwada rabon a wasu gundumomi, har da Madawa da Buza. Nan aka koyi yadda ake tara iyaye mata, da yadda ake horar da ƴan gari su raba magani, da yadda uwa za ta ba da sauran ƙwayoyin kwana biyu a gida. Daga baya gwamnati ta faɗaɗa aikin zuwa sauran yankunan ƙasa.

Abin da Nijar ta ba duniya

Maƙwabciya Maraɗi ma ta ba da nata. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM, ya lura kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne. In manomi ya zaɓi tofo biyu ko uku ya gyara, ya sare sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ba. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. A 1991 kuma CARE ta kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, inda mata suke zuba kuɗi cikin asusu kowane mako suna ba junansu rance. Tsarin da ya taso daga adashin matan Hausa ya yaɗu cikin ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Darasi ga ma'aikata da masu hannu da shuni

Wanda ya dubi waɗannan ayyuka zai ga abu uku. Na farko, dubarar da ta zauna ita ce wadda ta dace da abin da mutane suka riga suka sani, kuma ɗan ƙasa yana cikin waɗanda suka tsara ta. Na biyu, an auna an gani kafin a yaɗa. Na uku, mai arha ta fi mai tsada tafiya nesa: gyaran kututture ya bazu daga gona zuwa gona da lauje da gatari, alhali kunyoyin Keita sun buƙaci manyan injuna da motocin ɗaukar dutse, abin da gari ba ya iya saye da kansa.

Nan ne babbar tambaya take. Porje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, amma madatsa tana cika da rairayi, ragar waya tana tsinkewa, dogon yaro yana tsufa. In ba a san mai itace ba, kowa zai sara, ba wanda zai dasa. Aikin magajin gari da sarakuna da ma'aikatan noma ne su tabbatar an rubuta wanda ke da fili da wanda ke da itace, a kuma ware kuɗin gyara cikin kasafin kowace karkara.

Kuma ba dole sai daga ƙetare kyauta za ta zo ba. A Madawa da Buza da Keita akwai ƴan kasuwar albasa, da alhazai, da ƴan biɗa masu aiko da kuɗi gida, waɗanda ba sa ƙyashin ciyar da mabuƙata. In wani ɓangare na wannan alheri ya tafi ga gyaran madatsa, ko gandun renon itatuwa, ko saurayin da yake son gwada sabuwar hanyar ajiye albasa, to shi ne abin da malamai suke kira sadaka mai gudana. Itatuwan da aka dasa a Majiya a 1975 sun tsare hatsin ƴaƴan waɗanda suka haƙa ramukansu.