Malamin Aji Da Alƙalaminsa: Shekarun Malam Aminu Kano A Bauchi Da Maru

A garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙauyukan Jihar Kano, malamin firamare yakan yi shekaru talatin yana riƙe da alƙalami, amma in aka bincika abin da ya rubuta a duk tsawon wannan lokaci, da wuya ya wuce rajistar kiran suna da littafin shirin darasi da takardar neman ƙarin girma. Ranar da ya bar aiki sai ya koma gida da duk abin da ya gani ya kuma koya a cikin aji, babu wanda ya gāje shi. Wanda ya hau kujerarsa kuwa tilas ya soma lalube daga farko, sai ka ce ba a taɓa yin wani malami a makarantar ba.

A dā ba haka al'amarin yake ba. A shekarar 1933, sa'ad da Ofishin Fassara na Zariya a ƙarƙashin Dokta East ya shirya gasar ƙaga labarai da Hausa, uku daga cikin littattafai biyar da aka buga malaman makaranta ne suka rubuta su, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, dukansu masu koyarwa a Katsina, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Midil ta Bauchi. Imam a lokacin shekarunsa ba su wuce ashirin da biyu ba.

Amma mutumin da ya fi dacewa malaman Jihar Kano su duba shi ne marigayi Malam Aminu Kano, wanda siyasa ta rufe tarihin malantarsa har matasa da yawa ba su san ya taɓa riƙe alli ba. An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatu a makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sa'an nan ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937. Tun yana ɗalibi a can ya soma rubuta gajerun wasannin kwaikwayo da Hausa, yana shirya su tare da 'yan'uwansa ɗalibai. Ɗaya daga cikinsu sunansa Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba? Sunan kaɗai ya isa ya nuna inda hankalin yaron ya karkata, domin cuta da zalunci da girman kan masu riƙe da iko su ne abin da yake yi wa ba'a a dandali.

A 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. A zamanin nan tsakanin malami da ɗalibi akwai tazara mai faɗi, bulala ce ke magana, yaro kuwa ba ya ɗaga ido ya dubi malaminsa balle ya yi masa tambaya. Malam Aminu bai bi wannan hanya ba. Ya jawo yara jikinsa, ya shiga harkar sikawut da wasan kwaikwayo tare da su, ya kuma ƙarfafa musu su yi tambaya su yi musu da hujja. Ra'ayinsa shi ne yaron da aka saba masa da tsoro a aji, in ya girma ba zai iya buɗe baki gaban hakimi ko alƙali ba ko da gaskiyarsa. Ba dukan abokan aikinsa ne suka ji daɗin haka ba, kuma ba abin mamaki ba ne, gama malamin da ya yarda a tambaye shi dole ya riƙa karatu da dare.

A Bauchin ne ya haɗu da mutum biyu da suka bar masa alama. Na farko Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, mai natsuwa da taka tsantsan, wanda daga baya siyasa ta raba musu hanya. Na biyu Malam Sa'adu Zungur, malami mai kaifin harshe kuma mawaƙi, wanda ya zame masa jagora. Da su aka kafa wani zauren tattaunawa a 1943, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke zama a yi muhawara, Malam Aminu yana sakatare. Tambayoyin da ya riƙa jefawa game da mulkin Turawa ta hannun sarakuna sun yi zafi har hukuma ta rufe zauren. Abin lura a nan shi ne, irin tambayar da yake koya wa yara da safe ita ce shi kansa yake yi wa manya da yamma.

A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilmin koyarwa na shekara guda a Jami'ar London. Bai bar abin da ya gani a ƙasar Turai ya tsaya a hirar zaure ba, ya rubuta labarin tafiyarsa a littafin Motsi Ya Fi Zama, wanda aka buga a 1955. Bayan komowarsa ya tsaya tsayin daka aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya zama babban sakatarenta, domin malami ya sami bakin da zai yi magana a kan albashinsa da darajarsa. Daga nan aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara. Zamansa a can bai yi tsawo ba. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya bayyana dalilansa a jarida, ya shiga jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a watan Agusta na shekarar.

Shekara takwas ke nan kacal ya yi a bakin aikin, ƙasa da abin da malamai da yawa na Gaya da Ajingi suka yi a makaranta ɗaya. Bambancin kawai shi ne ya riƙa rubuta abin da ya gani, wasa ne ko wasiƙa ko maƙala, kuma rubutun ya tilasta masa ya tantance abin da ya yi imani da shi. Yawancin wasanninsa na farko ba a buga su ba, wannan kuwa rashi ne babba ga adabin Hausa.

Ko da ya zama shugaban jam'iyya da kwamishinan tarayya, jama'a ba su daina kiransa Malam ba, shi ma bai daina koyarwa a gidansa na Gwammaja ba. A 1979, shekarar da ya tsaya takarar shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP, aka buga masa Hikayoyin Kaifafa Zukata, ƙananan labarai don masu tasowa. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, Allah ya jiƙansa. Gidan nasa, wanda aka fi sani da Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.